Ni da Randar Subiya a Bayan Gilashi

Aikin subiya wahala ne. Duk wanda ya ce maka akwai albarka a cikin wahala, ka tambaye shi ko ya taɓa hawa bene da buhun sha'ir a bayansa a zafin Jidda. Ni na hau. Na shigo ƙasar nan gashina baƙi, haƙorana cif, bayana a miƙe kamar tabarya. Yanzu in zan ɗaure takalmi sai na nemi abin dafawa. Shekara ashirin da wani abu na yi a gida ɗaya a Ammariyya, gidan da ake yin subiya tun ba a haifi ubana ba, in ji masu gidan.

Wanda bai san subiya ba, kunun zaƙin mutanen nan ne, sai dai kada ka faɗa musu haka, haushi suke ji. Sha'ir ake jiƙawa da busasshen burodi, a bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami, a tace da ƙyalle, a zuba sukari da kirfa da wani ɗan kayan ƙamshi da suke kira hel, a sa ƙanƙara, a ɗaure a leda. Da azumi za ka ga babban mutum ya ajiye motar da ta fi ɗakina girma, ya shiga layi yana zufa saboda leda ɗaya. Aibinta ɗaya ne, ba ta da haƙuri. Yau abin buɗa baki ce. In ka manta da ita a zafi, ba a daɗewa take komawa abin da ake kai mutum gaban alƙali a kansa.

Maigidana na farko, Alhaji, Bahaushen Sudan ne. Ubansa ne ya taho hajji a ƙasa, ya ga hanyar komawa ta yi nisa, ya zauna ya kafa randa. Alhaji ya gaji randar da tsoron Allah da tsoron hukuma, kuma ban san wanne ya fi ƙarfi a cikin biyun ba. Dokarsa kullum a kwashe randa tas, a bar ludayi ɗaya a gindi, shi ake kira uwa, shi zai tayar da jiƙon gobe. Abin da bai sayu ba kuwa kwata za ta sha, ko da yana kallo yana cizon yatsa. Aikina, bayan dako da tata da wanke-wanke, shi ne ɗanɗano. Da safe in ɗanɗana, da rana in ɗanɗana, in ce ta yi ko ba ta yi ba, ko ta fara wuce gona da iri. Ladan da na samu shi ne ciwon suga. Likita ya ce in na ƙara kai subiya bakina in fara yi wa ƙafafuna sallama. Daga baya korona ta zo ta ɗauke mini hanci, har yau ba ta maido ba. Ka ga mai ɗanɗanon da ba ya sha, ba ya jin ƙamshi. Alhaji ya riƙe ni a haka, don shi ne kafilina, mai tsaya mini, sunansa ne a kan iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, kuma ya saba da fuskata kamar yadda ya saba da ƙofar bayi.

Ina so a san wani abu game da Alhaji, don yanzu an mai da shi waliyyin tsofaffin kaya. Mutumin nan bai taɓa ganin sabon abu ya kau da kai ba. Shi ya fara sayen firiza a layinmu. Shi ya watsar da kofunan ƙasa ya kama leda. Shi ya kawo jan kala da ya ga yara suna so. Randar ubansa kuwa ta daɗe da fashewa. Duk wadda ta tsage sai ya ce a jefar, mu je kasuwa ya zaɓi wata, ya yi ciniki kamar zai yi kuka, ni in ɗauko. Wadda ake magana a kanta a nan, a kafaɗata ta shigo gidan, da takardar farashi manne a gindinta.

Alhaji ya rasu. 'Ya'yansa duk ma'aikatan ofis ne, ba mai son hannunsa ya yi danƙo. Sai jikansa ya karɓi gidan. Yaron a Jidda aka haife shi, ɗan ƙasa ne, ya yi karatu a waje. Hausa yana jinta sarai, amma in zai mayar sai ka ga yana ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni na goya shi a wuya yana ƙarami, ya yi mini fitsari a ƙeya ba sau ɗaya ba. Yanzu shi ne kafilina, kuma iƙamata ta kusa ƙarewa.

Ya rushe rabin shagon. Ya kawo tankunan ƙarfe masu ƙyalli, da injin tata, da injin da ke dafa subiyar ya kashe tsaminta don kada ta ci gaba, da ɗakin sanyi, da wani ɗan ma'auni kamar alƙalami da ake tsomawa ya faɗi abin da harshena ke faɗi a da. Na so ƙwarai abin ya lalace. Na zauna ina jira. Bai lalace ba. Subiyar ta fito fes, ta yau kamar ta jiya, ba tsaki ba ƙasa-ƙasa, tana yin kwanaki a kwalba ba ta motsa ba. Tsofaffin masu saye suka sha suka ce ta fi ta da. Su ne dai mutanen da suka yi ta rantsuwa ba mai kama hannun Alhaji. Injin ba ya ciwon baya, ba ya zuwa jana'iza, ba a sabunta masa iƙama. Na duba shagon sama da ƙasa ban ga abin da ya rage mini ba sai tsintsiya.

Wata rana bayan azahar ya kira ni ofishinsa, wato tsohon ɗakin da muke shanya burodi, an sa masa kujera mai juyawa.

"Ya ammi, zauna. Ina da... yaʿni, fikra. Tunani."

"Allah ya sa na alheri ne."

Ya juyo mini wayarsa. Hotuna ne na wata ƙasar Turawa da ya je hutu. Wani gida a ƙarƙashin ƙasa, manyan gangunan katako jere cikin duhu, da wani tsoho mai jan hanci yana riƙe da kofi.

"Wannan gidan me ne?" na ce.

"Gidan inabi."

"Inabin ci ko na sha?"

"Wallahi ban sha ba, ya ammi. Hoto bas. Amma duba. Su ba abin sha suke sayarwa ba. Shekaru suke sayarwa. Kaka, da kakan kaka. Mutane suna biya don su ga tsohon ganga da tsohon mutum. Mu muna da tsohon randa." Ya ɗago ya kalle ni. "Kuma muna da kai."

"To, madalla. Ashe na kai."

"Kai ne turas na gidan nan. Kayan gado."

"A garinmu kayan gado raba su ake yi."

Bai yi dariya ba, ban sani ba ko bai gane ba ne. Ya ce aikin ɗanɗano ya ƙare, halas, amma akwai sabon aiki. In na karɓa, zai sabunta mini iƙama kafin azumi. In ban karɓa ba, shi ba ya korar kowa, amma lissafin kamfani ba ya sanin wanda ya goya wani. Haka ya ce, da Larabci, don ya fi fita sumul.

Ina da mata da 'ya'ya a ɗaki biyu a unguwar Nuzla. 'Ya'yan ba su san kowace ƙasa ba sai wannan. Ƙauyenmu kuwa, waɗanda suka san ni duk suna maƙabarta. Na ce na karɓa.

Aka gina wani ɗan ɗaki na gilashi a bakin shagon, yana kallon titi. Aka ɗauko randar daga bayan gida inda kyanwa ke haihuwa a gefenta, aka kankare takardar farashin, aka shafa mata wani abu ta yi duhu, aka kafa ta a tsakiya, fitilu masu zafi suna haska ta ta ko'ina. Aka rubuta a allo cewa ita ce randar da kakan kaka ya kafa. Ni kuma aka ɗinka mini farar riga da 'yar shara, aka naɗa mini rawani ruwan ɗorawa irin na mutanen Hijaz na da, wanda Alhaji bai taɓa sawa ba, shi da hular saƙa ya rayu ya mutu. Aka ba ni ludayin duma. Mai hoto ya zo ya ce in yi murmushi. Na yi. Ya ce in rufe baki ya fi. Wannan hoton aka buga a jikin kowace kwalba, katan-katan, har rufin sito.

Sai maganar abin da za a zuba a randar. Yaron ya ce a gidan inabin nan ba a taɓa kwashe ganga duka. A ɗiba kaɗan a sayar, a ƙara sabo a kan tsoho, shekara da shekaru, don haka kowane kofi akwai ɗigon zamanin kaka a ciki. Mu ma haka za mu yi. Randa ba za ta ƙara ganin gindinta ba.

"Alhaji kullum kwashewa yake yi," na ce.

"Jaddi ba shi da inji. Wannan an dafa ta, ya ammi. Ta mutu. Abin da ya mutu ba ya tsami."

Na yarda. Me zai hana? Injin ya riga ya ƙaryata ni sau da yawa, na gaji da jin kunya. Ban kawo a raina cewa randar ƙasa tana da ramuka a jikinta ba, kuma uwar da muka yi shekaru muna bari a ciki ba ta je ko'ina ba, barci take yi. Shi ma bai kawo ba. Ma'auninsa a tanki yake tsoma shi, don a tanki kimiyya take. Randa ado ce. Shi kuma ba ya shan subiya, gahawa yake yawo da ita a kofin takarda.

Muka buɗe a farkon Sha'aban. Kullum in zauna a gilashi ina juya ludayi, yara suna manna hanci suna kallona, matan da ke wucewa suna ɗaukata a waya. Wani yaro ya tambayi uwarsa ko da batir nake aiki. Kofin randa ya ninka na kwalba tsada. Da yamma a ƙara mata sabuwa mai sukari, fitilu su gasa ta, in an rufe shago a kashe na'urar sanyi don tattali. Na ga tana 'yan ƙananan kumfa, na ce juyawar da nake yi ce.

Da farko masu ɗaukar hoto ne ke saye, su kurɓa su yamutsa fuska su ce lallai wannan ita ce ta asali. Can sai wasu irin mutane suka fara zuwa. Ba sa hoto. Ba sa kallon allo. Ba su taɓa tambayar kakan kaka ba. Akwai wani dogo mai jan ido, tsohon direban tashar jirgin ruwa, wanda na san shi a unguwa shekaru ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba. Shi ya fara, sannan ya kawo abokai.

"Ya hajj, daga ƙasa," yake ce mini a hankali. "Tsoma ludayin sosai. Allah ya ja da ran hannun nan."

Ran nan har ya sumbaci rawanina. Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya taɓa yabon hannuna. Na koma gida na gaya wa matata cewa ashe akwai sauran masu sanin daraja a duniya. Yaron ma murna yake yi, yana cewa turas ya fi kwalba kasuwa.

Hajiya, matar marigayi, tana zaune a saman shagon. Gwiwa ta hana ta sauka sai da dalili. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ce a riƙe ta ta ga abin da jikanta ya yi da gidan mijinta kafin azumi ya kama. Ta ga tankuna ta ce masha Allah. Ta ga ɗakin sanyi ta ce a nan za ta riƙa yin ƙailula. Jikan ya buɗe mata ƙofar gilashi da alfahari. Ta sa ƙafa ɗaya ta tsaya. Ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Maigidana," ta ce, haka take kiran jikan nata, "sauke ƙofar shagon nan."

"Sitti, akwai mutane a..."

"Sauke."

Ya sallami mutane ya ja ƙofar ƙarfe. Ta juyo kaina.

"Kai kuma, ɗan nan, an naɗa maka rawani sai aka haɗa da hancin?"

"Hajiya, hancina ai ya riga Alhaji tafiya."

"To bari in ba ka labari. Rabona da jin wannan warin tun ina yarinya, a bayan tashar jirgin ƙasa a Sudan, inda aka hana mu bi. Barka da sana'a. Yaushe kuka fara?"

Yaron ya ce ba zai yiwu ba, an dafa ta, ta mutu. Ta ce to ta tashi, ai ana tashin matattu. Ya ruga ya ɗauko ma'auninsa ya tsoma. Ya duba. Ya goge a rigarsa ya sake tsomawa. Ban iya karanta abin da ya nuna ba, amma na iya karanta fuskarsa. Ya zauna a kan kujerata ta turas.

"La hawla," ya ce. Sannan, da yake jinin kasuwa ne, ya ce, "Amma ita ce ta fi tafiya."

"Ai dole," in ji Hajiya. "Ka buɗe abin da babu irinsa daga nan har Makka. Kakanka ya yi shekaru yana zubar da arziki a kwata, bai sani ba."

Ya ce ba haka yake nufi ba. Yana nufin kada a yi gaggawa. An yi talla, an buga allo, mutane sun san randa ba ta kwana babu komai. Wataƙila a rage zafin fitila. Wataƙila a sa ƙanƙara. Zai tambayi wani abokinsa injiniya. Hajiya ta ce in yana jin asara, a kai ta soro a buɗe mata baki ta koma khal da kanta, ruwan tsamin nan da ba ya bugarwa, a yi tsamin kayan lambu da ita, haka uwar mijinta ke yi. Idonsa ya ɗan yi haske, na ga ya fara zana kwalbar khal ɗin a ransa, da hotona a jiki.

Sai a lokacin na yi magana.

"Jikan Alhaji, in ma'aikatan baladiyya masu duba shaguna suka shigo gobe da nasu ma'aunin, wa za su tarar da ludayi a hannu?"

Ya sunkuya yana juya ma'aunin a hannunsa. Na ci gaba.

"Hoton wa ke jikin kwalba? Wa jan idon nan zai nuna in an matsa shi? Kai ɗan ƙasa ne. Za a ci ka tara, a rufe shago, kawunka na ofis ya yi waya, a buɗe. Ni tarhil za a kai ni, inda ake tsare baƙin da za a kora, da wannan rawanin, a sa ni a jirgi, 'ya'yana su bi ni ƙasar da ba su san ko sunan unguwa ɗaya ba. A can in ce musu me? Na yi shekara ashirin da wani abu kusa da Ɗakin Allah, na dawo da shaidar dafa giya?"

"Ya ammi, ba zai kai haka ba. Bukra insha Allah mu duba."

Na san bukra, goben mutanen nan. Na zauna a ƙasar nan na ga mutanen da suka tsufa suka mutu suna jiran bukra.

"A zubar," na ce.

"A zubar, tayyib, amma randa ta zauna. Gobe mu sake cikawa, mu lura da ita. Ita ce asalin gidan. Ba a taɓa ta."

Wato a sake zuba wa uwar nan sukari a roƙe ta ta yi haƙuri. Na kalli Hajiya. Ita ta san inda aka sayo randar, don ita ta ba da kuɗin motar da ban hau ba. Ba ta tona ba. Ta miƙa wa jikan hannu ya riƙe ta, ta kama hanyar bene tana nishi. A mataki na farko ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan," ta ce, "ban ga randar da ta yi tsawon rai ba. Ƙasa ce. Ba a yi wa kowa shari'a don ƙasa ta koma ƙasa."

A motar komawa Nuzla na yi ta juya abin. In na taɓa randar, yaron zai iya cewa ba zai sabunta iƙamar ba. Sai na tuna da siton nan, katan a kan katan har rufi, kowace kwalba da fuskata bakina a rufe. Ya riga ya biya kuɗin bugawa. Jikan Alhaji ne. Zai iya rabuwa da wanda ya goya shi, amma ba zai iya zubar da takardar da ya biya ba. Azumi kuma saura kwanaki, ba inda zai samo wani tsohon da ya yi kama da hoton.

Washegari da na idar da asuba ban koma barci ba. Na shiga motar farko, na buɗe shagon da makullina. Na kwashe randar bokiti-bokiti na juye a masai, na bi da ruwa da maganin wanke bayi har idona ya yi ja kamar na mai sayen nan nawa. Na kwantar da ita a kan buhu, na samo ƙusa da guduma, na huda gindinta a hankali, huda mai kyau da babban yatsa zai shige, yadda ko ruwan zamzam aka zuba ba zai kwana ba. Na tayar da ita a mazauninta, hudar tana ƙasa ba mai gani. Na ɗauko tukunyar ƙarfe daga cikin kayan injin, na zura ta ciki, ta zauna daram kamar don ita aka gina randar. Na cika ta da subiyar tanki mai sanyi. Na sa riga da 'yar shara, na naɗa rawani, na ɗaga ƙofa, na zauna.

Dogon nan mai jan ido shi ya fara zuwa, ko karyawa bai yi ba.

"Ya hajj, daga ƙasa."

Na tsoma ludayin har ya taɓa ƙarfe, na cika masa kofi.